Phoenix, ɗan Japan ko mai giya: wane keke ya dace da zuwa aiki a Kano?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta tsallake dubu, to daga nan ne mutane da yawa da a da suke wa keke kallon abin hawan ɗalibai da masu kawo kayan gwari daga ƙauye suka fara leƙa wajen masu sayar da shi a ɓoye a ɓoye. Lissafin ai ba wuya. Mafi ƙarancin albashi dubu 70 aka sa wa hannu a Yulin 2024, mutum yana zaune a Rijiyar Lemo yana aiki a Sharaɗa, hawa biyu zuwa hawa biyu dawowa a adaidaita, ga acaɓa an hana ta ɗaukar fasinja a cikin gari tun 2013, kafin wata ya raba tsakiya kuɗin mota ya cinye kuɗin cefane.

Matsalar ita ce yawancin masu zuwa sayen keken farko ido suke bi, wanda ya fi ƙyalli da sifirin da rubutun Turanci a jiki shi za su nuna. Ni kuma a ganina tambayar farko ita ce, in ya lalace ƙarfe bakwai na safe, mai gyaran bakin layinku zai iya da shi? Yana da kayansa a cikin akwatinsa ko sai an je Sabon Gari nema? Sai nisan wajen aikin, sai irin hanyar, kwalta ce ko burji ko yashi, sai kuma irin suturar da kake zuwa aiki da ita, don mai kaftani da mai wandon jins ba keke ɗaya ya dace da su ba.

Mu fara da baƙin nan na iyayenmu, Phoenix da 'yan uwansa. Asalin ƙirar ta Ingila ce, irin Raleigh na garin Nottingham, daga baya Sin ta shigo da Phoenix daga Shanghai, Indiya ta shigo da Hero da Avon daga Ludhiana, dukkansu fasali ɗaya, taya inci 28, giya ɗaya tal, birkin sanda maimakon waya, sirdi mai sifirin, kariya da za ta ɗauki buhun masara ba ta ce uffan ba. Kyawunsa ba a musu, babu mai gyaran keke daga Kano har Maraɗi da bai san cikinsa da bayansa ba, ƙarfe ne zalla in ya tsage mai walda zai ɗinke maka, tayarsa babba ce tana haɗiye ramuka, kuma kana zaune a miƙe kana ganin hanya sosai. Amma malam nauyi gare shi, kusan kilo 20 ko fiye, in wajen aikinka sai an hau bene da shi za ka gane. Giyarsa kuma tana da tauri wajen tashi, duk tsayawar danja sai ka miƙe a kan feda, wannan kam yana da magani mai sauƙi, ka ce a canza maka firiwil na baya daga mai haƙora 18 zuwa mai 20 ko 22, gudu zai ɗan ragu amma gwiwarka za ta huta kuma gadar Ƙofar Nassarawa ba za ta sauke ka ba. Abin da ba shi da magani shi ne birkinsa cikin ruwan sama, roba ce take kama rim ɗin ƙarfe mai santsi, da ya jiƙe sai ka matse ka ji keken yana ci gaba da tafiyarsa na 'yan taku kafin ya kama, a watan Agusta a bayan adaidaitan da ke tsayawa ba sigina wannan ba abin wasa ba ne. Sannan sababbin da ake kawowa yanzu gaskiya ba su kai na da ba, ƙarfen ya yi laushi, kota, ɗan ƙarfen da ke riƙe hannun feda, tana saurin ci feda ta fara ƙwas-ƙwas, in ka sami tsoho mai lafiya a hannun wani dattijo ya fi sabo a kwali. Wanda zai riƙa ɗaukar kaya, ko zai goya yaro zuwa makaranta kafin ya wuce aiki, ko hanyarsa burji ce daga bayan gari, nasa ne wannan.

Sai ɗan Japan na gwanjo, wanda wasu ke rainawa wai na mata ne saboda ƙarfen tsakiyarsa a ƙasa yake. Bari in faɗi ra'ayina tun yanzu, ga ma'aikacin da tafiyarsa ba ta wuce kilomita 8 zuwa 10 ba a cikin Kano, ban ga wanda ya kama ƙafarsa ba. Dalili kuwa, su can ainihin abin da aka ƙera shi domin shi kenan, zuwa tashar jirgin ƙasa da kasuwa da kayan aiki a jiki, shi ya sa yake zuwa da komai a haɗe, kwando a gaba, madigadi gaba da baya, murfin kaca, jak mai ƙafa biyu, fitila, ga ɗan makullin zobe a tayar baya. Duk waɗannan in mai giya ka saya sai ka sake zaro kuɗi ka saye su ɗaya bayan ɗaya kuma ba za su zauna daidai ba. Wannan ƙarfen da ke ƙasa da ake wa dariya kuwa shi ne zai ba ka damar hawa da doguwar riga ba tare da ka ɗage ta zuwa ƙugu a gaban jama'a ba, murfin kacar kuma shi ke tsare ƙafar farin wandonka daga baƙin mai.

In za ka zaɓa cikinsu ka duba abu biyu. Na farko cibiyar tayar gaba, in ka gan ta da kauri da 'yar waya tana fitowa zuwa fitila, to dainamo ne a ciki, fitilar tana kama kanta in duhu ya yi ba caji ba batir, ya fi wanda ke gogar gefen taya yana ƙara yana ja maka ƙafa. Na biyu cibiyar baya, wasu suna da giya uku a rufe a ciki, yawanci ta Shimano da aka rubuta wa Nexus, ba abin da ke lilo a waje balle ƙurar hunturu ta shiga, kuma kana tsaye a danja za ka iya sauya giya abinka. Giya uku ta ishi Kano har da canji, garin a shimfiɗe yake, in ka cire Dala da Gwauron Dutse tudun da za ka hau sai gadojin sama da fitowa daga ƙarƙashin gadar Kabuga. Illarta dai in ta lalace daga ciki ba kowane mai gyara ke yarda ya buɗe ta ba, wani zai ce a cire kawai a sa firiwil, saboda haka ka gwada ukun duka a kan titi kafin ka biya, kana taka feda da ƙarfi, in ɗaya tana zamewa ka bar shi.

Shi ma yana da nasa. An yi shi ne daidai jikin mutanen can, dogon mutum zai ji gwiwa tana neman taɓa kan keken, in kana da tsayi nemi mai taya 27 kuma ka tabbata sandar sirdin tana ɗagawa. Birkin bayan wasu yana ƙugi in ya tsufa har mutane su waiwayo, kuma kar ka yarda a ɗiga masa mai don ya yi shiru, zai yi shirun amma ya daina kamawa. Kariyarsa ba ta Phoenix ba ce, a jikinta ake buga nauyin da za ta ɗauka, yawanci kilo 18 ko 27, ka ɗora mata ƙato irinka sifok zai fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya.

Ga kuma wani abu da ke sa mutane asarar kuɗi a banza, maganar lambar taya. Ɗan Japan da mai giya duka za ka ga an rubuta 26, amma ba ɗaya ba ne. Na Japan 26 x 1 3/8 ne, na mai giya kuma 26 x 1.75 ko 1.95 ko sama, rim ɗinsu ya bambanta da milimita 31, tayar wannan ba za ta taɓa zama a kan wancan ba ko za a kwana ana dannawa. In ka duba gefen tayar da kyau akwai wata lamba ƙarama, irin 37-590 ko 47-559, lambar da ke bayan ɗan layin nan ita ce gaskiyar, 590 na Japan, 559 na mai giya, 635 na Phoenix, 622 na siririn tsere. Ka ɗau hotonta a waya kafin ka tafi kasuwa. Kuma kafin ka sayi keken ma ka tambayi mai facin unguwa wace lamba ce ake samu ba wahala a wajenku, don 27 x 1 3/8 wani lokacin sai an sha yawo. Bawul ma haka, na Phoenix da na Japan iri ɗaya ne mai 'yar roba a ciki da ke tsufa iska ta riƙa sacewa a hankali, na mai giya yawanci irin na mota ne wanda kowane mai faci zai ba ka iska, na tsere kuma siriri ne da sai da ɗan kai na musamman.

To mai giya fa, wanda kowa ke so. Nan sai an raba gida biyu. Akwai sabo fil mai arha, mai ƙaton sifirin a tsakiya da shokozoba a gaba, an rubuta giya 21, wani ma da faifan birki yana walƙiya. Wannan dan Allah ka wuce shi. Sifirin ɗin nan ba abin da yake yi sai shanye ƙarfinka, kana taka feda keken yana lotsawa yana tasowa sai ka ce kana tuƙa katifa, nauyinsa ya kusa na Phoenix amma ba ya ɗaukar kayan Phoenix don babu inda za a ɗaura kariya mai kyau, giyar kuma bayan 'yan watanni sai ka ga mai shi ya haƙura ya bar ta a guri ɗaya, kaca tana faɗuwa a tsakiyar shataletale. Giya 21 ɗin ma uku ne a gaba bakwai a baya, da yawansu maimaici ne.

Gida na biyu shi ne gwanjon Turai da Amurka, irin su Trek da Giant da Specialized da Scott, wanda babu sifirin a baya, in ma da hali babu a gaba. Wannan keke ne na gaske. Wanda tafiyarsa ta kai kilomita 12 ko 15, ko yana Jos ko Abuja inda tudu yake da gangara, ko unguwarsu yashi ne kamar sababbin unguwannin bayan gari, shi ya kamata ya nema, don a nan giya take da amfani kuma faffaɗar taya ba ta nutsewa. Amma ka sa a ranka tsirara yake zuwa, sai ka sa madigadi in ba haka ba ranar da aka yi ruwa za ka isa ofis da layin taɓo tun daga ƙugu har ƙeya, sai kariya, sai jak, sai fitila. Tayar nan mai ƙuraje ta daji ce, a kan kwalta ƙugi kawai take tana cin ƙarfi, in ta cinye ka maye ta da mai ɗan santsi 26 x 1.75 za ka ji kamar an canza maka keke. Ɗan ƙarfen da ke riƙe mai sauya giyar baya yana lanƙwashewa da keken ya faɗi ta dama, a wajen ajiye kekuna kuwa faɗuwa kullum ne, to ka saba jingine shi ta yadda gefen kaca ba zai sha ƙasa ba. Birki kuma na waya ya fi maka na mai, ko ina za a gyara. Yawancinsu alminiyam ne, ba nauyi ba tsatsa, sai dai in ya tsage mai waldar bakin titi ba zai iya masa komai ba, ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu, in ya manne ƙarfe ne. Kuma kar sitika ta ruɗe ka, ana manna sunan babban kamfani a jikin tarkace, ka duba kyawun waldar da sunan da aka buga a jikin giyar da birkin.

Siririn tsere mai lanƙwasasshen kai ba zan ɓata lokaci a kansa ba, yana da gudu ba ƙarya, kilo 10 ne ko ƙasa, amma tayarsa ba ta fi kaurin babban yatsa ba, yashin gefen titi kaɗan zai kayar da kai, ba wajen kaya, kana duƙe ba ka ganin gaba sosai. Na motsa jiki ne ranar Lahadi da asuba. Mai naɗewa mai taya 20 yana da rana ga wanda ɗakinsa ɗaya ko yake so ya shige da shi ƙarƙashin tebur, amma ƙaramar taya tana jin kowane rami. Mai batir kuwa daɗi kam akwai, ba gumi, sai dai batirin shi ne rabin kuɗin keken, na gwanjo ba ka san saura nawa a ransa ba, ga zafinmu ba ya raga wa batir, ga wutar da za a yi cajin ita ma sai an yi addu'a.

Duk wanda ka zaɓa, kar ka ƙarar da kuɗin a kan keken, ka rage na taya da makulli. Taya ita ce ke raba wanda zai ɗore da wanda zai jingine keken bayan wata biyu yana cewa wahala ce. Ƙusa da kwalba da tsidau ba sa ƙarewa a hanya, saboda haka tayar baya musamman ka sa mai kauri sabuwa, wasu ma suna yanke gefen tsohuwar taya su shimfiɗa ta a ciki tsakanin taya da tub, yana ƙara nauyi kaɗan amma faci yana raguwa sosai. Ka lura, in mai faci ya tsoma tub a ruwa ka ga huji biyu a jere kusa da juna, ba ƙusa ba ce, iska ce ta yi ƙasa ka daki bakin rami rim ya cije tub ɗin. In kuma hujin ta ciki yake ɓangaren rim, kan sifok ne ke sokar sa, robar da ke rufe su ta mutu. Famfo na gida ya fi komai, ka duba iska duk sati, kuma in za a ba ka da injin masu facin mota ka tsaya a kai, daƙiƙa kaɗan ne tsakanin ta cika da ta fashe.

Makullin zoben ɗan Japan na shiga shago ne ka fito, ba ya hana a ɗauke keken cak a jefa a adaidaita. Na wayar nan mai lamba kuwa filaya ɗaya ta isa ta yanke shi. Sarƙa mai kauri da kwaɗo mai kyau, a zagaya ta jikin keken da tayar baya a haɗa da ƙarfen da ke kafe a ƙasa, ba tayar gaba kaɗai ba. In tayoyinka ko sirdinka masu ɗan hannun nan ne da ake buɗewa ba sifana, a canza su da noti. Ka kuma gyara tsakaninka da maigadin wajen aiki, gaisuwa da ɗan na goro lokaci-lokaci, ya sama maka inuwa kusa da shi, don rana ma tana cin taya da sirdi.

Jakar goyo ita ce ke jiƙa bayan riga, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 ko minti goma ba za ka yi ba. Ka sa ta a kwando ko ka ɗaure a kariya da robar tsohon tub, in akwai kwamfuta a ciki ka naɗe ta da tawul ko sallaya saboda girgiza, leda babba kuma kullum tana ciki don damina. Mafi sauƙi ka tuƙa da 'yar riga mara nauyi, ta aikin tana ninke a jaka, ka isa da saura kwata ka sha iska ka wanke fuska ka canza. Kuma ba tsere kake ba, a gudun kilomita 15 a awa tafiyar kilomita 8 rabin awa ce da 'yan mintuna, wanda ya tsaya jiran adaidaita a Kurna da safe ba lallai ya riga ka ba. Da azumi dai dawowar la'asar tana da wuya, wannan sai mutum ya duba jikinsa.

Sirdi yawancin mutane suna barinsa ƙasa sosai don ƙafa ta taɓa ƙasa suna zaune, shi ke kawo ciwon gwiwa. Ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sak, to nan ne daidai. Kaca kuma a daina zuba mata baƙin man inji har yana ɗiga, da hunturu ƙura ce za ta manne ta riƙa cin kacar da haƙoran, ɗigon man keken ɗinki ya isa sannan a goge da tsumma. Fitila ja a baya ta fi ta gaba muhimmanci, kai kana ganin mota, direban ne ba ya ganinka, masu caji irin na waya suna da arha yanzu. Hular kwano za a yi maka dariya kwana biyu a daina. Ojo Maduekwe yana ministan sufuri zamanin Obasanjo ma bas ta ture shi cikin kwata yana kan keke a Abuja, balle ni da kai, saboda haka kar ka bi hannun da ba naka ba, kar ka shiga gefen tifa ko tirela a kwana, ruwan da ya rufe titi kuma in ba ka ga ƙasansa ba ka sauka ka tura. Sau da yawa bin lungu ya fi, ko ya ƙara maka kilomita ɗaya.

Ranar sayen, ka je da mai gyaran unguwarku ka biya shi ladan rakiya, zai ga abin da ba za ka gani ba. A ɗaga kowace taya a juya a ga ko tana rawa, a kama hannun feda a girgiza gefe da gefe, a matse birkin gaba a tura keken gaba da baya a ji ko wuyan yana ƙwanƙwasa, a duba ƙarƙashin wuyan ko fenti ya tattare, alamar an taɓa yin karo da shi kenan. Ka tsaya da shi a tsakanin ƙafafunka, in mai sanda ne ya zama akwai ɗan sarari. Ka gane wane hannu ne birkin gaba tun kafin ka hau titi, na Japan da na Ingila a dama yake, na Amurka da yawancin na Turai a hagu. Sannan a rubuta maka rasit da lambar da aka buga a jikin keken, tana ƙarƙashin inda feda take ko a wuya, ka ɗau hotonta ka ajiye. Wanda ya tare ka a hanya da keke mai kyau a rabin kuɗi ba rasit ba shago, ka ce masa Allah ya kawo kasuwa ka yi gaba.